A-Sake da Jirgin Yayansa

Gari bai gama wayewa ba A-Sake ya riga ya buɗe garejinsa, ya kunna fitilar teburin baya, yana kankare fiffiken jirgin yaƙi da samfefa mai laushi. Jirgin na roba ne, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, kuma ba nasa ba ne, na yayansa ne. Jiya da yamma Yaya ya shafa wa fiffiken fenti ruwan toka. Fentin ya taru a gefe guda ya zubo kamar majinar yaro, ga gashin buroshi ya maƙale a ciki. A-Sake yana gogewa yana tsaki, in ya hure garin ya ɗaga fiffiken ga fitila, sai ya ƙara wani tsakin.

Sunan nan daga bakinsa ya same shi. Fentin mota yake yi tun yana saurayi, kuma duk wanda ya koyi aiki a hannunsa zai gaya maka bai taɓa jin ya ce abu ya yi kyau ba. Zai shafa jikin mota da bayan hannu, ya karkata kai, ya ce a sake. An taɓa yin wani mai mota da ya zo ɗauka yana ta godiya, A-Sake ya hana shi makulli saboda ya hango ƙafar ƙuda a cikin fentin ƙofa. Matarsa kuwa cewa take yi ƙofar ɗakinsu ta sha fenti har ta yi ƙiba, sai an sa mata kafaɗa take rufuwa. Ba ya zaman hira, ba ya yabon kowa. In kana son sanin ko yana ganin girmanka, duba ko ya taɓa gyara maka abu ba ka roƙe shi ba.

Yaya kuma baki ne. Direba ne, da bas ɗinsa yake kai 'yan makaranta ya ɗauko su, kuma babu mahaɗar da bai san mai sayar da jarida a cikinta ba. Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bakin ne ya fara dawowa, abin da A-Sake ya ce bai ba shi mamaki ba ko kaɗan. Ƙafa ta biyo baya. Hannu ne ya tsaya, yatsun suna kamawa amma ba sa riƙewa.

Likita ya ce a nema wa yatsun ƙaramin aiki. Sai 'yar Yaya, wadda A-Sake ke kira Uwata don sunan mahaifiyarsu ta ci, ta sayo kwalin jirgin nan: gutsattsarin roba manne a jikin 'yan sanduna na roba, takardar bayani, da wata 'yar takarda mai ɗauke da lambobi da tambarin da ake liƙa wa jirgin a ƙarshe. Warin gam ya hana mutanen gida sakat, ga jikoki masu sa komai a baki, shi ya sa aka kawo aikin gareji. Makullin bas ma nan Uwata ta kawo shi ta damƙa wa Baffanta, don in yana gida Yaya zai lalubo shi.

Ranar farko Yaya ya ce in ya gama jirgin nan da hannunsa za a ba shi makullinsa. A-Sake ya dubi gutsattsarin, wasu ba su fi ƙwayar shinkafa ba, ya dubi hannun, ya ce ya yarda. A ransa ya san ba ranar da za a gama.

Abin da bai lissafa da shi ba shi ne kansa. Da Yaya ya tafi a yammacin nan ya bar kujerar matuƙin jirgin a karkace, gam ya malale ya cinye mata gefe. A-Sake ya rufe gareji ya tafi gida, ya ci abinci, ya kwanta, kujerar tana tsaye a idonsa. Ba tausayi ba ne. Mummunan aiki ne ya kwana a shagonsa, a kan teburinsa, kuma duk wanda ya leƙo zai ɗauka shi ya yi. Da asuba ya zo ya ɓamɓare ta ya daidaita.

Daga nan abin ya zama sana'a. Yaya ya ɓata da yamma, shi ya gyara da asuba. Yaya ya haɗa gangar jikin jirgin ya bar tsaga, A-Sake ya cike ta ya goge. Yaya ya dangwala yatsa mai gam a gilashin matuƙi, A-Sake ya yi ta murza shi da man goge mota har ya dawo garau. Takardar bayani ta ce a sa abu mai nauyi a hanci kafin a rufe, Yaya ya ce shi da ya san inji ba takarda ce za ta koya masa ba, jirgi ya zauna a kan wutsiya hanci sama kamar agwagwa tana shan ruwa. A-Sake ya tsaga cikin da reza, ya cusa ƙaramin noti, ya mayar ya rufe. Da Yaya ya zo ya ga jirgi tsaye a kan tayoyinsa, sai ya ce ai dama ya sani, gam ne bai bushe ba.

Da aka zo fenti Yaya ya ɗan yi shakka. Ya tambaya ya aka yi abin da ya bari da tabo ya kwana ya yi sumul. A-Sake bai ɗago kai daga motar da yake liƙa wa salatif ba, ya ce fenti in ya bushe kwanciya yake yi. Yaya ya karɓa. Yana son ya yarda, don haka bai ƙara tambaya ba. Ya shiga kiran maƙwabta su zo su ga hannun da aka ce ya mutu. Har ya fara yi wa A-Sake gori, wai shi da ya shekara da shekaru yana shaƙar warin tina da fenti bai fi mai shanyayyen hannu iya fenti ba.

To a wannan asubar, yana cikin goge fiffiken, sai ya ji takun takalmi. Uwata ce za ta wuce wurin aiki ta hango fitila. Ta tsaya a kansa tana kallon samfefar, da garin fenti a yatsunsa, da injin feshi da ya riga ya haɗa. Bai ɓoye komai ba, bai kuma daina gugar ba.

Ta ce dama ta yi mamaki. Mutumin da har yau ita ke sa masa maɓallin riga, wai shi ya ja wannan layin siriri a bakin gilashi.

"Baffa, ka san jiya ya kira iyayen yara? Ya ce musu da an koma makaranta zai fara ɗauka."

A-Sake ya ce ai bai gama jirgin ba.

"Saura me?"

Ya duba. Saura lambobi da tambari. Aikin yamma ɗaya.

Ta ce masa yaran mutane ne za su zauna a bayan mahaifinta, hannun nan kuma shi zai riƙe sitiyari ya canza giya. Ta ce ita ba za ta gaya wa mahaifin nata gaskiya ba, ba ita ta yi fentin ba. A-Sake ya ce fiffiken nan dai ya riga ya kankare, ba zai bar shi tsirara ba. Ta ce ya fesa, amma shi ne na ƙarshe. Ya fesa yana ƙunƙuni, kuma don haushi ma ya fi na kullum kyau.

Da yamma Yaya ya zo da sabuwar riga. A-Sake ya ajiye masa ƙaramin kwano na ruwan ɗumi, da almakashi, da hantsaki, da auduga. Ya yi masa bayani sau ɗaya: a yanko tambari, a tsoma a ruwa har ya saki takardarsa, a zamo shi a hankali kan jirgi, a daidaita da jiƙaƙƙen buroshi, a danne da auduga. Ya ce abin ya fi ɓawon albasa rauni, kuma takardar ɗaya ce, babu wata. Sannan ya ja baya ya tsaya.

Yaya ya ce ko yaro ai ya iya. Tambarin farko, na fiffiken hagu, ya rabu biyu tun yana kan hantsaki. Ya ce ruwan ne ya yi zafi. Na biyu ya kai jikin jirgi, amma hannun ya yi rawa, ya naɗe kamar tabarma. Ya ce hantsakin ne. Ya ajiye hantsaki ya sa yatsu. Lambar wutsiya ta manne masa a babban yatsa, ya yi ya yi ta sauka ta ƙi, da ya murza sai ta zama ɗan baƙin ƙulli. Gumi ya jiƙa wuyan sabuwar rigar. A-Sake yana tsaye yana ji kamar shi ake yaga, sau da yawa hannunsa ya tashi da kansa ya mayar da shi aljihu.

Ƙarshe dai lamba ɗaya ta hau wutsiya, a karkace, da kumfar iska a ƙarƙashinta. Yaya ya jingina yana haki. Ya ce ba komai, a bar shi ya kwana, in ya bushe zai kwanta.

"Wannan ba ya kwanciya, Yaya."

Yaya ya daɗe yana kallon lambar, sannan ya kalli fentin da ke kewaye da ita, sumul kamar daga kamfani.

"Fentin fa?"

"Shi ma ba ya kwanciya."

Abin da Yaya ya faɗa bayan nan duk layin garejin ya ji. Ya ce masa ɓarawon aiki, mai shisshigi tun suna yara, wanda ko takalmi mutum ya ajiye sai ya juya masa shi. Ya ce ya mai da shi abin dariya a gaban maƙwabta. A-Sake ya kwashe kwanon ya zubar da ruwan. Yaya ya ƙi jiran Uwata, ya tafi da ƙafa yana jan ta dama. Makulli dai bai tambaya ba.

An kwana biyu ba a gan shi ba. Uwata ce ta leƙo ta ce ya kira iyayen yara da kansa ya ce su nemi wani direba wannan zangon, kuma ya haramta a ambaci sunan Baffa a gidan. A-Sake ya ce to, ya ci gaba da aikinsa.

Da Yaya ya dawo bai yi sallama ba. Ya zauna ya tura jirgin gaban ƙaninsa ya ce a wanke masa fentin nan tas, ba ya son na aro. A-Sake ya ce wannan feshin ko a jikin motar gaske bai taɓa yin kamarsa ba. Yaya ya ce shi ya sa. Haka A-Sake ya zauna ya cire aikin hannunsa da tsumma har roba ta fito, Yaya yana nuna masa inda ya rage. Daga ranar kuma jirgin ba ya kwana a gareji, Yaya ke sa shi a kwali ya tafi da abinsa.

Shagon waldata yana jikin garejin A-Sake. Ganina na ƙarshe da su, na shiga aron sufana ne ta kwance noti. Yaya yana jan buroshi a kan fiffike, fenti yana taruwa a gefe yana shirin zubowa, bakinsa kuma bai huta ba. A-Sake yana kan benci a gefensa, ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu, ya juya fuska yana kallon bango. Na tambaye shi sufana, ya nuna mini inda take da haɓa.