Baƙin Tabkin Yaya Isuhu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Yaya Isuhu ya riga mu gidan gaskiya, kuma bana ne karon farko da na gode wa Allah da bai kai yau ba. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka ba na jin nauyin faɗar abin da dangi ke rufewa.

Yana saurayi ya tafi cin rani Aljeriya, kamar sauran samarin Adar, ya yi kiwon tumaki a kan wasu duwatsu da ƙanƙara ke rufewa fari fat. Ba ya jin bakin kowa, kowa ba ya jin nasa. Abokan hirarsa tsuntsaye ne da dilolin da ke barin sawu a kan ƙanƙara. Can ya ga garken agwagin ruwa suna wucewa ta samansa, sun nufi kudu, wato gida, shi kuwa ba halin binsu. Ya ce ranar sai da ya yi hawaye.

Da ya dawo, duk lokacin ɗari yana bakin tabkin da ke arewacin garinmu Takanamat, inda agwagin ke sauka, ƙudundune cikin bargo. Ni ke kai masa fura. Mutane suna yi masa dariya, wai ya dawo da taɓin hankali. Amma ba mai harbi a gabansa. Yakan ce tsuntsayen baƙi ne da suka tsere wa sanyi, shi kuma ya san abin da ake ji in an wulaƙanta baƙo.

To, yau wa ke kashe su? Ba wani bare ba ne. Lawali ne, ɗan cikinsa, wanda ya riƙa ɗauka a kafaɗa yana nuna masa inda suke sauka da lokacin da suke kiwo. Da wannan ilimin yake shimfiɗa raga, ya cika buhu, ya ɗora a moto, wato babur, sai wajen masu suya a Tawa. Ko kunya babu, ranar sadakar uban nasa soyayyun tsuntsaye ya aiko mini. Na mayar masa da kwanonsa a rufe. Da Yaya zai ɗaga kai ya gani, ban san wanda zai fara tsine wa ba, ɗan ko mu da muka zuba ido.

Bana tabkin ya yi tsit, sauran tsuntsayen sun gane sun ƙaura. Sai ga Lawali a ƙofata, har da durƙuso.

"Gwaggo, an ce akwai wani ruwa inda su ka tahiya in an kore su. Baba ya gwada miki shi. Hwaɗa mini, iyalina na jin yunwa."

"Gonar ubanka na nan, ta yi ciyawa," na ce. "Tashi ka ba ni wuri."

Gaskiya ne, akwai ruwan, kuma Yaya ya kai ni sau ɗaya. Bai bar gidan siminti ba, bargon ma ya yage, ɗan da ya bari kuwa kun ji halinsa. Abin da ya rage nasa shi ne 'yan tsirarun agwagin da ke sauka can lafiya. Lawali ya bar gaishe ni, matarsa ta hana yara shigowa gidana, kuma abin yana yi mini zafi. Su yi ta yi. Hanyar ruwan nan a cikina take, da ita za a sa ni a rami.