Aiken Inna a Ƙofar Shugaban Amurka

Ana idar da sallar asuba muka bar Hyattsville, wani gari a gefen babban birnin Amurka, ni da ɗiyar gwaggon da nake zaune a gidanta. Inna ce ta aike ni, ta waya daga Agadas. Yayana direba ne, yana kai fasinja kudancin Libiya. Rediyo ta ce jirgin Amurka marar matuƙi ya harbi wata mota a can, an kashe wani jagoran 'yan ta'adda da na tare da shi. Tun ranar wayar Yaya ba ta shiga.

Inna ta ce, "Ke da kike garin masu jirgin, je ƙofar shugabansu ki yi sallama. In da direba a motar, su faɗa mana sunansa. Matarsa ba ta san ko ta shiga takaba ba."

Jirgin ƙarƙashin ƙasa tsit, kowa da kofin shayinsa, ba mai gaida wani. Sai na tuna tasharmu, Yaya yana ɗaure jarkokin ruwa yana tsokanar tsofaffi. Shi bai taɓa tambayar fasinja sana'arsa ba. Wanda ya zo, ya hau.

Ɗiyar gwaggon tawa karatun lauya take. Na tambaye ta ko doka ta yarda da irin wannan kisa. Ta ce malamansu ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Wasu sun ce yaƙi ne, ƙasa na da ikon kare kanta duk inda maƙiyi ya ɓuya. Wasu sun ce inda ba fagen yaƙi ba, kama mutum ake yi a kai shi kotu. Na ce, "To direba fa?" Ta juya tana kallon taga, alhali ba komai a waje sai duhun rami.

Gidan shugaban bai kai yadda talabijin ke nuna shi ba. Ciyawa kore shar, da tumakin Inna sun gani da sun yi sallah. Ruwan gora ɗaya kuwa, kuɗin cefanen yini ne a gida. Jama'a sai ɗaukar hoto suke a bakin shingen ƙarfe. Wani jirgi mai saukar ungulu ya wuce ta samanmu, ban san sanda na durƙusa na rufe kaina ba. Yara suka yi dariya. Da na miƙe na kama shingen, na yi sallama a hankali. Ba zaure, ba mai amsawa. Wani ɗan sanda ya dube ni, na saki.

Da la'asar muka dawo gida. Abin da na koyo: a wurinmu ko bisa kuskure aka kashe mutum, akwai ƙofar da dangi ke zuwa a ba su amsa. A nan ban ga ƙofar ba.

Na kira Inna, na ce ban sami wanda zan tambaya ba. Ina jin kukan awaki a bayanta, kamar in shiga wayar.

Ta ce, "To. Bari in ce wa matar yayanki kada ta cire 'yan kunnenta tukuna."