Abin da Baba ya sassaƙa da hannun hagu

Ƙauri ne ya fito da ni daga ɗaki ranar, ƙaurin itacen kirya da ƙarfe mai zafi ke ci. An wuni ana ruwa, tsakar gidanmu na Zongo ta jiƙe sharkaf, hayaƙin ya kasa tashi sama, sai yawo yake ƙasa-ƙasa tsakanin bokitai. Baba na zaune kan kujera 'yar tsugunno, ya matse guntun tabarya tsakanin gwiwoyinsa, yana danna ƙarfen da hannun hagu. Na dama yana kwance a cinyarsa, yatsun a lanƙwashe, kamar ajiyar wani aka ba shi.

Baba direban kai motoci ne. Tsofaffin motocin Turai da jirgi ke saukewa a tashar ruwa, su suke jan su zuwa arewa har Malanbil, su miƙa wa masu su, su dawo a bas. Bai taɓa mallakar mota ba, amma babu irin wadda bai tuƙa ba. Da ciwon shanyewar jiki ya kayar da shi, ƙafa ta dawo, baki ya dawo, yatsun dama suka ƙi. Ba ya iya damƙe kan sandar giya. Amininsa da muke kira Kawu, mai rabon motoci a pak, filin da ake tara su, ya faɗa masa gaskiya: in ya iya canza giya a gabansa zai ba shi mota, in bai iya ba sai ya haƙura da hanya. Baba kuwa bai san yadda ake zaman gida ba. Ko jiniyar jirgi ya ji daga bakin teku sai ya ɗaga kai.

Inna ta leƙo daga kicin.

"Malam, tabaryata ce fa ka yanke."

"Wadda ta tsage tun bara? Ai fansho na ba ta."

"Kai ma da ka karɓi naka."

Ya juyo ya ce da ni, "Uwata, zo ki riƙe mini." Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana.

Na ajiye littafin lekol, makarantarmu ta boko, na durƙusa. Dabararsa ita ce, tunda yatsu ba sa kamawa, tafin hannu ya yi aikin. Kan giyar ba zai zama dunƙule kamar ƙwai ba. Zai yi faɗi, da kwarmi a sama inda gindin tafi zai zauna, da ɗan tudu a gaba wanda lanƙwasassun yatsun za su maƙale su jawo. Ramin da yake ƙonawa a ƙasansa kuma ya ce zai cusa masa robar tayar zemijan, wato babur ɗin haya, don ya hau kowace sanda, siririya ko mai kauri, tunda kowace tafiya da motarta.

Mun daɗe a kai. Kirya ba ta son wuƙa. Ina riƙewa yana fiƙewa, hagunsa ba ta saba ba, wuƙar takan zame ta ci inda ba a aike ta ba. Idan ya gaji sai ya ɗauki hannun daman da na hagu, ya ɗora shi a kwarmin, ya rufe ido yana saurare. "Nan yana cizo," sai ya nuna, ni kuma in bi wurin da magagari. A lokacin na fara sanin hannun mahaifina. Akwai kanta a gindin yatsunsa, da tabon ƙuna da ban san tarihinsa ba, kuma kullum da sanyi, ko da rana tsaka. Ni a raina abin yana kama da ƙaramin kwalekwale irin na masunta a Placodji, can bakin teku. Na faɗa masa. Ya yi murmushi da gefen bakin da ya fi lafiya, ya ce 'yan boko komai sai sun kamanta shi da wani abu.

Da muka gama na shafe shi da man kaɗe har ya yi duhu yana sheƙi.

Kawu ya zo da tsohuwar Fijo ɗinsa, ya tsaya a bakin lungu inda ruwa bai kwanta ba. Ya juya itacen a hannu.

"Tsoho, wannan kan giya ne ko ludayin koko?"

"Da ludayi ne ai da tuni ka lashe shi, mai tumbi."

Suka yi dariya, amma Kawu bai kalli hannun ba. Baba ya shiga, ya cire kan giyar motar, ya danna nasa. Ta ɗaya ta shiga. Ta biyu ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, sannan ta shiga. Suka kewaya ta wajen layin dogo suka dawo. Gumi ya jiƙe rigar Baba har baya. Kawu ya daɗe yana kallon gilashi, sannan ya ce, "To, Allah ya sa a dace. Ka shirya."

Ranar tafiya Inna ba ta fito ba, tana ciki tana wanke kwanukan da ta riga ta wanke. Baba ya biyo da motar ta ƙofar gida, abin da bai saba yi ba, fara ce mai rubutun alli a gilashi. Maƙwabta suka fito. Mai shayi ya ɗaga masa hannu. Ya wuce a hankali, gwiwar hagu a taga, na tsaya har 'yan zemijan masu rawayar riga suka rufe shi.

Ya dawo ranar da aka saba dawowa, da buhun albasa irin na arewa. Ya ce hanya lafiya, sai dai ta lalace bayan Kandi. Na tambayi kan giyar, ya ce ya manta shi a motar. Daga nan bai ƙara neman tafiya ba. Ya koma zama a ƙofar gida, yana rama, maganarsa na raguwa. Ni ina ganin ya ci nasara ne ya ajiye da kansa, har nakan ba ƙawayena labari.

Sai bayan rasuwarsa da shekaru, ranar da na je gaida Kawu yana jinya, ya faɗa mini gaskiyar abin. Baba bai ko kai Kalabi da ke nan bayan gari ba hannun ya mutu masa a cikin cunkoso. Ya gangara gefen titi ya kashe mota. Kawu dama ya sa wani direba yana bin sa a baya. Mutumin ya ce zai mai da shi gida, Baba ya ƙi. Ya bar wa mutumin tuƙi ya koma kujerar gefe, a nan ya zauna har Malanbil, don kada ya rigayi ranar dawowarsa zuwa Zongo.