Tafin Iya Hassu a Kan Ƙwarya

A gidanmu na Matameye, da an gama cin tuwo, kakata Iya Hassu takan ja tabarma kusa da murhu tun garwashi bai mutu ba. Babanmu yana cin rani a Kano, mu huɗu ne ke kewaye ta, ni ce auta kuma ni ce sarkin surutu. Ƙwarya take kifewa a gabanta in za ta yi tatsuniya, kowace dabba da kiɗanta. Zabuwa da farce ake buga ta, kura da dunƙulen hannu.

Na fi son ta zabuwar da ta yi ƙwai a gonar gero. Kura ta biyo sawu tana shinshina. In zabuwa ta tashi ta tsira, amma ƙwanta ya tonu. In ta zauna, ƙila a cinye ta. Iya takan yi ta ƙara dukan ƙwarya, kura na matsowa, sai daidai inda hancin kura ya taɓa kara, ta ɗora tafinta a kan ƙwaryar. Tsit. Ni kuwa kullum sai bakina ya kuɓuce: "Kar ki motsa."

"Ke Rabi, da ke ce zabuwar nan, da tuni kina cikin kura," in ji Iya. Zabuwa dai ta daure, kura ta wuce.

Bara aka yi bikin fasaha a Damagaram. Za a nuna wa yara fim ɗin zane, makaɗa na zaune gaban allo suna bin hoton da kiɗa: masu gogen Turawa, masu busa, da ni da ƙwaryata. Akwai inda ɗan zomo ya laɓe, dila na kewaya raminsa. Shugabanmu Malam Sani ya tsara a nan kowa ya saki kiɗa da ƙarfi. Ranar gwaji na ce a yi shiru.

"Hajiya Rabi, yara ne fa. Kika ba su shiru, hayaniya za su zuba a ciki."

"Malam, bar ni in gwada."

"To. In suka watse mana, baɗi ba ke."

Ina son kujerar nan ƙwarai. Na tsufa ina kiɗan ƙwarya a gidajen biki, ba a taɓa zaunar da ni cikin makaɗa ba sai ranar. Amma na san abin da na sani. Da ina ƙarama na ɗauka haƙurin zabuwa Iya ke koya mana. Sai da na girma na gane yarda ce ta yi da mu, ta bar mana wurin da ya fi tsada a labarin mu riƙe da kanmu.

Bayan magariba fili ya cika. Dila ya kai hancinsa bakin rami, Malam Sani ya sauke sandar da yake jagorantar kiɗa da ita, na ɗora tafina a kan ƙwarya. Ko tari ba a yi ba. Can daga baya wata ƙaramar murya ta ce, "Kar ka motsa."