Koren Zanin Umma

Shekaranjiya ɗan acaɓa ya kawo wa 'yata wata leda. Atamfa ce ta saya ta waya, ba ta taɓa ba, ba ta shinshina ba, hoto kawai ta gani ta ce a aiko. Tana warware ta ƙamshin sabon zani ya cika falon, ƙamshin nan na sitaci da rini da daɗewa a ninke. Ita tana ta mita wai a hoto ruwan toka ne, ga shi an kawo mata wani abu kamar ruwan ƙasa. Ni kuwa ban ma ji ƙarshen mitar ba. Hancina ya riga ya kai ni rumfar 'yan atamfa a kasuwar Karaye, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, hannuna cikin na kakata.

Inna muke ce mata, ita ta haifi Baba. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da komai sai takwara. A ƙauyenmu, can ƙasar Tudun Kaya, matar aure ba ta zuwa kasuwa. Abin da tsohuwar gida ta ɗauko mata, shi za ta ɗaura har shekara ta zagayo. To Inna ce tsohuwar gidanmu, kuma ba namu kaɗai ba, har maƙwabta sukan ba ta sautu, don an san ba a taɓa sayar mata da zani mai zuba ba. Wannan shi ne abin alfaharinta a duniya. Ba ta da shanu, ba ta je Makka ba, amma in ta ce zani zai yi shekara biyar bai koɗe ba, to zai yi.

Tana da dokokinta, kuma har gobe da su nake aiki. Ba ta sa kayanta masu kyau ranar kasuwa, ta ce mai rumfa kayan jikinki yake fara yi wa kuɗi kafin nasa. In ta ɗauki turmi sai ta juya bayansa, in bayan ya yi fari-fari ta ajiye. Sai ta dunƙule gefensa a hannu ta sake shi, ta ji ko zare ne ko sitaci ne ya ba shi kauri. Sannan ta lasa bakin zanin, ta murza wurin a wani farin ƙyalle da take ƙullewa a haɓar zaninta. In ƙyallen ya ɗauki launi, an gama magana. Saboda lasar nan ne ma take yin sayayyar Sallah tun kafin a ɗauki azumi, ga shi kuma a lokacin tela bai cika ba. Dokarta ta ƙarshe ita ce ba a ganin launi a inuwar rumfa, sai an fito da zani rana.

Kuma kowace mace da irin nata. Matar Baffa gajera ce, Inna ba ta taɓa ɗauko mata mai manyan furanni ba, ta ce zanin zai haɗiye ta. Ni ƙiriniya gare ni, kullum mai duhu nake samu, wanda ba ya nuna miya. Umma kuwa kore. Wai ranar da aka kawo ta gidan da kore a jikinta, Inna ta ga ya karɓe ta, shi ke nan magana ta zauna. Kowace shekara kore, Umma ta durƙusa ta karɓa ta yi godiya. Ku da kuka taso yanzu ba lallai ku gane ba. Umma ko ruwa ba ta sha a gaban Inna saboda kunya, ina za ta iya buɗe baki ta ce wa uwar mijinta ga launin da ranta yake so?

Amma ni na san shi. Wata rana da bazara, ɗorawa ta nuna, muna zaune a gindin rumbu muna ɓarewa, sai Umma ta tsaya tana kallon tafin hannunta da garin ya rina. Ta ce, kamar mai magana da kanta, da mutum zai sami zani mai wannan launin ko sau ɗaya ne. Sai ta yi dariya ta kakkaɓe hannun, ta ce in tashi in ɗauko mata faifai. Ita ta manta da ta faɗa, ni ban manta ba.

A shekarar ne idon Inna ya fara. Ta yi tuntuɓe da turmin daka a tsakar gida da rana tsaka, Baba ya gani. Ya ce mata in idon ya soma gajiya ta huta da zuwa kasuwa, shi zai riƙa sayowa. Gaban duk matan gidan ya faɗi, don an taɓa gwada sayayyar Baba shekarar da Inna ta yi jinya. Launi ɗaya ya kwaso wa kowa, tun daga Umma har jaririyar goye, kuma wankin farko ruwan bahon ya fi zanin kyau. Inna ta ce masa idonta garau, turmin ne aka ajiye ba a wurinsa ba. Ta faɗa da faɗa-faɗa har ya ba ta haƙuri.

Ranar kasuwa ta ce ni zan raka ta, wai in riƙe mata kaya. Muka fita da sassafe kafin rana ta yi zafi. Sai da muka bar gari, muna tsaye a bakin titi muna jiran motar akori-kura, ta matse hannuna.

"Takwara, zan gaya miki magana, in na ji ta a bakin wani na san inda ta fito. Yanar ido ce ta rufe mini gani. Ina ganin mutum, ina ganin hanya, amma launi ya gudu, komai kamar an zuba masa toka. Hannuna da harshena suna nan. Ke za ki zama idona."

Ta ce in ubana ya sani, ita da kasuwa sai a labari, kuma in aka zaunar da ita a ɗaki ba za ta daɗe ba. Ban taɓa jin muryarta ta yi ƙasa haka ba. Na ce to, na ji kaina ya yi girma, an ba ni amanar manya.

Dabarar mai sauƙi ce. A cikin rumfa ta juya, ta dunƙule, ta lasa, ta miƙo mini ƙyallen kamar in riƙe mata, in kalla in girgiza kai ko in yi shiru. In zani ya tsallake wannan, sai ta ce wa mai rumfa bari ta gan shi a rana, kamar yadda ta saba. Mu fito waje, ta ɗaga shi sama tana ƙanƙance ido, ni kuma in raɗa mata launinsa da girman furensa. Mai rumfar ya san ta shekara da shekaru, bai ga wani sabon abu ba. Haka muka zaɓi na matar Baffa, muka zaɓi na maƙwabciyarmu, muka zaɓi nawa mai duhu kamar kullum.

Da aka zo kan na Umma, Inna ta sa hannu cikin jerin ta zaro guda biyu da taushinsu ya yi mata. Duka ba sa zuba. Muka fito rana. Na farkon kore ne shar, irin wanda ya cika akwatin Umma. Na biyun kuwa ruwan ɗorawa ne, da ƙananan ganye ruwan ƙasa a warwatse. Rana ta dake shi har sai da na runtse ido.

"Wanne ne koren?" in ji Inna.

Wallahi ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Hannuna kawai na gani a kan ruwan ɗorawar. Na ce wannan. Ta shafa shi ta ce madalla, ta koma ciki ta yi cinikinta, aka ninke aka sa a ƙasan ƙullin.

Murna nake har muka hau mota. Sai a hanya, ƙullin yana kan cinyata, hankali ya zo mini. Inna ba ta ba da zani a ɓoye. Tabarma take shimfiɗawa a tsakar gida, ta kira kowa, ta miƙa tana faɗin abin da ya sa ta zaɓa. Za ta ɗaga ruwan ɗorawa a gaban jama'a ta kira shi kore. Ni da aka ba amanar rufa mata asiri, ni na ƙulla abin da zai tona shi. Sau uku ina buɗe baki in gaya mata, tsoro yana rufe mini shi. Ta sayo mini rake a tasha, ko ɓare shi ban iya yi ba.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmar. Baba yana bakin rijiya yana wanke ƙafa, ya ba mu baya. Matar Baffa ta karɓi nata tana ta washe baki. Sai Inna ta zaro na ƙarshe ta ɗaga.

"Ke kuma ga naki, koren nan da kika saba. Bana ma ya fi na bara taushi."

Matar Baffa ta buɗe baki, ta kalli zanin, ta kalli Inna. Ni dai ƙasa nake kallo ina jiran ta tsage. Umma ta dubi zanin, ta dubi idon Inna, sannan ta dube ni, kallo ɗaya, na san ta karanta komai. Ta durƙusa da sauri ta karɓa da hannu biyu, ta tura shi ƙarƙashin mayafinta kafin Baba ya waiwayo.

"Allah ya saka da alheri, Inna. Kore ne mai kyau. Allah ya ƙara girma."

Muryarta tana rawa. Matar Baffa ta rufe bakinta, ta ce ai kuwa ya yi kyau. Umma da ban taɓa jin ƙarya a bakinta ba, ranar ta yi ta a gaban kowa don tsohuwar nan.

A ɗaki ba ta dake ni ba, da ma dukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tambaye ni ko na san abin da na kusa jawo wa Inna. Na fashe da kuka na ce ai ita ta ce tana so, ranar ɗorawa. Sai ta warware zanin a kan gado, ta kifa fuskarta a ciki, kafaɗunta suna motsi. Ban san ko dariya take ko kuka ba, ina jin duka biyun ne.

Kwana uku ina kewaye wa Inna. A na huɗu da hantsi ta kira ni in taya ta ɓarar gyaɗar iri a ƙofar ɗakinta. Muna cikin ɓara, ba ta ko juyo ba, ta ce:

"Takwara, wane launi ne?"

Na ce na me. Ta ce kada in raina mata hankali, ido ta rasa ba kunne ba.

"Shekara goma sha uku ina ba uwarki zani tana godiya. Ban taɓa jin ta yi godiya da irin muryar nan ba."

Na gaya mata gaskiya, har da zancen ɗorawar. Na zaci rankwashi zan sha. Sai ta ajiye gyaɗar, ta ce ashe duk shekarun nan da idonta biyu ba ta ga yarinyar nan ba, sai da ya rufe. Ta ce ta san zare, ta san rini, amma ba ta taɓa tambayar mai ɗaurawa ba. Sannan ta ja kunnena da ƙarfi, ta ce wannan na ƙaryar ne, kuma in na sake yi mata irinta sai ta sayar da ni a kasuwar Rogo ta sayi akuya.

Ta sa aka fara wanke zanin da gishiri, aka shanya shi a inuwa a juye, kamar yadda take yi wa kowane sabon zani. Ranar Sallah Umma ta fito da shi. Ban taɓa ganin ta yi kyau haka ba, har tafiyarta ta canza. Baba ya kalle ta ya daɗe, ya kalli Inna. Bai sake zancen hana ta kasuwa ba. Sai dai daga ranar, duk za mu tafi, shi yake raka mu titi ya nema mata gidan gaba, ya ce mini in riƙe hannunta da kyau.

Shekara huɗu muka ƙara muna zuwa tare kafin Allah ya karɓi abarsa. Kowace shekara in mun fito rana da na Umma, sai ta sunkuyo ta ce, "To takwara, wane irin kore za mu kai mata bana?" Mun kai mata ja, mun kai mata ruwan goro, mun kai shuɗi. A kan tabarma kuwa kore ne sunansa, kuma duk gidan ba wanda ya taɓa gyara mata.

Yanzu matan ƙauyenmu da kansu suke zaɓa, wasu a kasuwa, wasu a waya kamar 'yata, ba mai jiran tsohuwa ta ɗauko mata. Ban ce hakan laifi ba ne, ko kusa. Na dai karɓi atamfar tata na juya bayanta, na lasa na murza a gefen hijabina, tana kallona tana cewa Mama mene ne haka. Ba ta zuba, na ce ta gode wa Allah. Na ƙara mata da cewa duk ranar da za ta saya wa wani, ta fara tambayarsa.

Umma tana nan da ranta, ta tsufa, nata idon ma ya soma hazo. Bara kafin azumi na je gida na tambaye ta wane launi take so na Sallah. Ta yi murmushi ta ce kore, irin na Inna. Na shiga kasuwar Karaye rumfa rumfa ina fitowa da zani rana, har na samo mata ruwan ɗorawa.