Hagun Malamin Zane

Ni bahago ne, kuma a gidanmu a Getso wannan abin kunya ne. Inna ta sha ɗaure mini hagu da ɗankwali idan an zo cin tuwo. A makaranta ana buga mini rula a bayan hannu har na koyi rubutu da dama, rubutun da har yau kamar kaza ta yi tono.

Malamin zanenmu ne kaɗai bai damu ba. Dogo ne, mutumin Gude, ga tsokana. Ran da ya ga ina kokawa da fensir, sai ya zare shi ya sa mini a hagu, ya ce in daina wahalar da kaina, wanda ya halicci dama shi ya halicci hagu. A wajensa ba a fara koyar da zane sai an duba abin da yaro ya zo da shi. Wata kurma da ke ajinmu gaba yake zaunar da ita, ya nuna mata komai da hannu. Wanda ba ya gani sosai ya ba shi yumɓu ya gina abin da ransa ke so. Hedimasta kuwa gani yake ɓata tarbiyya ne. Shi dai a zana kofi a allo, kowa ya kwafa, a ba da maki. Sun sha cacar baki a kan haka.

Yanzu ni ma zane nake koyarwa a Gwarzo, da hagun nan.

Bara aka ce mini Malam ya samu shanyewar ɓarin jiki, na hau babur na tafi Gude. Na same shi a zaure kan tabarma, hannun dama kwance a cinya kamar ba nasa ba, ga fura a kofi a gefe. Na jira tausayi ya zo mini, bai zo ba. Ƙuda kawai nake kallo a bakin kofin.

Hajiya, matarsa, ta gaya mini daga bayan labule cewa hagunsa lafiya lau, amma ya ƙi kai shi baki. Liman ya ce masa larura ce, babu laifi, bai ji ba. Sai an ba shi a baki, shi kuma ba ya son a ba shi, shi ya sa ya rame haka.

Na tuna masa maganar da ya yi mini a aji. Ya ce wannan ta yara ce.

"Da furfurata zan kai hagu baki?"

Da a da can ne, da na yi masa faɗa, don ba ni da haƙuri. Ranar ko haushin ban samu ba. Na ciro alli daga aljihu na sa masa a hagu, yadda ya yi mini. Ya daɗe riƙe da shi, sannan ya sunkuya ya zana kofi a daɓen zauren, karkatacce, bakinsa bai haɗu ba. Ya ce da hedimasta ne da sifili zai ba shi.

Ya miƙo mini allin yana cewa, "Yi haƙuri, hagu ne."

Na karɓa da hagu. Na tura kofin furar kusa da hannun nasa, dab da wanda ya zana. Ya kalle shi, ya kalle ni.

Sai ya ce in kira masa Hajiya ta zo ta ba shi.