Babura Biyu a Bayan Motar Lorna

Duk wanda ya san Lorna Haugen a garinmu na Norvik ya san a-kori-kurarta, ya kuma san babura biyu ne ɗaure a bayanta duk Asabar ɗin hunturu. Mace ɗaya, babura biyu. Baƙi kan ɗauka fankama ce. Ina fankama ga matar da take wuni a rumbun alkama tana auna kayan manoma, ta koma gida da ƙaiƙayi har cikin kunne? Mu da muka san dalili ba ma tambaya.

Tana 'yar shekara bakwai babanta ya tafi aikin rijiyoyin mai a yamma, bai sake waiwayowa ba. Uwarta Bernice ta kama aikin jinya, ba ta da lokacin kanta balle na yarinya mai ƙiriniya. Sai maƙwabcinsu Orval Bjerke, bakaniken tarakta, ya ja ta a jiki. Yana da ɗa sa'arta, Wade, kuma ranar da ya ɗora Wade a kan ɗan ƙaramin babur, a ranar ya ɗora Lorna. Kawu take ce masa, shi kuwa "yarinyata". Shi ya koya mata riƙon kuloci, shi yake ɗaure mata igiyar hular kwano, shi ne bakanikenta tun ba ta iya furta kalmar ba.

Da dusar ƙanƙara ta rufe filaye, sai a jibge ƙasa a zauren baje kolin shanu, a tayar da tuddai, a yanka kwana-kwana matsattsu, ya zama filin tseren babura. Nan yaran suka girma, cikin hayaƙin mai da warin kashin shanu, matan coci suna sayar da kofi da wainar dankali a bakin ƙofa. A wannan zaure akwai al'adar da ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma ta fi rubutacciya ƙarfi: in baburinka ya mutu, wanda yake da na biyu zai ba ka. Ko jiya kun zagi juna, zai ba ka. Wanda ya hana aro, har ya tsufa ana nuna shi da baki.

Shekarar da Lorna ta cika goma sha biyar ita ce ta ƙarshe gare ta a ajin ƙananan injuna, masu girman si-si tamanin da biyar. Abu ɗaya take so a duniya, allon lamba ɗaya da ake ba gwarzon hunturu ya maƙala a gaban baburinsa. Babu yarinyar da ta taɓa ɗaukarsa a Norvik. Duk hunturun ita da Wade suna kankankan, yau ita gobe shi, har aka zo tseren ƙarshe makinsu daidai. Wanda ya riga ɗan'uwansa tsallake layi, allo nasa ne.

Da safe, wajen gwaji, giyar tsohon baburinta ta yi wata ƙara ta cije. Orval ya durƙusa, ya saurara, ya girgiza kai.

"Wannan kam ya gama aiki, yarinyata. Sai dai a yi masa addu'a."

Lorna ta zauna a kan bokiti, hawaye ya cika mata ido. Wade ya zo ya dungure mata hula.

"Ke, kuka za ki yi? Bari sai na wuce ki tukuna, ki haɗa ki yi gaba ɗaya."

"Tafi can, mai kunnen zomo. Da ƙafa ma sai na riga ka."

Orval ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Can ya nufi inda baburan Wade biyu suke, ya turo wanda yaron yake atisaye da shi a gona, ya ɓare lambar Wade ya liƙa tata. Mutane suka yi ta jinjina masa. Wani tsoho har da dafa kafaɗarsa, wai ga mutumin da ya ba abokiyar hamayyar ɗansa makami da hannunsa. Lorna ta rungume shi, fuskarta cikin rigarsa mai warin dizal.

Ta zaga fili sau ɗaya ta dawo ido waje.

"Kawu, wannan babur ne ko aljani? Ina taɓa totur yake neman fizge min hannu!"

"Sabo ne, ba irin akwalar da kika saba da ita ba," in ji shi. "Riƙe shi da kyau kawai."

Ta yarda. Me zai sa ta ƙi yarda? Kafin babban tsere ma ita ta taya shi kinkimar akwatin kayan aikinsa zuwa mota, can waje cikin ƙanƙara, don Orval mutum ne mai son a tattara da wuri a riga cunkoso fita.

Da ƙarfen da ke tare babura a layin tashi ya faɗi, Wade ne ya riga kowa shan kwanar farko. Lorna ta bi shi kamar ƙuda da nama. A jerin ƙananan tuddai ta kusa cin ƙasa, ta tallabe da ƙafa. Ana saura zagaye biyu Wade ya buɗe kwana kaɗan, ta cusa taya ta ciki, ta toshe masa hanya tsaf yadda ubansa ya koya musu su biyun, ta wuce. Zauren ya ɗauki ihu. Bernice, da ta baro aiki da kayan jinya a jikinta, tana tsalle a kan benci kofi yana zuba a kan mutane.

Lorna ba ta gama cire hula ba alƙalin wasa ya ɗaga mata hannu.

"'Yammata, kawo baburin nan gefe. An yi ƙorafi a kan injinki, sai an buɗe."

Doka ta ce ba mai ƙorafi sai wanda aka yi tseren da shi. Ta waiga, sai ga Wade tsaye bayan alƙali, ya kafa wa takalminsa ido. Wallahi dariya ta yi. Ta ɗauka tsiyarsu ce ta kullum ta wuce gona da iri.

"Kai Wade, baburinka ne fa! Kanka ɗaya kuwa?"

Bai ɗago ba. Alƙali ya ce bakaniken wanda ake tuhuma ne yake buɗe inji a gaban jama'a, wane ne nata? Ta ɗaga murya da murnarta, kamar mai kiran ceto.

"Kawu! Zo ka ga shirmen da ɗanka yake yi!"

Orval ya zo. Ta yunƙura za ta ruga mota ta ɗauko akwati, ya ce ta bari. Ya sa hannu a aljihun rigar sanyinsa ya zaro tsumma a naɗe, ya shimfiɗa a ƙasa. Sifanu ne a ciki, jere, daidai waɗanda ake buɗe kan inji da su. Ba ƙari, ba ragi.

Lorna ta tsaya tana kallon tsumman. Akwatin yana mota tun kafin tsere, da hannunta ta rufe ƙofar. Ashe tun tana rungume da shi da safe, ko jim kaɗan bayan nan, ya ware waɗannan ya soke a aljihu. In ta sha kaye, shi ne mai kirkin da ya ba da aro. In ta ci, ga sifanu. Sanyi ya shige ta tun daga tafin ƙafa, ba kuma na hunturu ba.

Orval ya durƙusa. Ya ɗage kan injin, alƙali ya zura ma'auni cikin silinda. An rarake ta, an sa babban fistin, inji ya tashi daga tamanin da biyar ya haura ɗari. Kowa a wurin ya san mutum ɗaya ne a Norvik yake da injin yin wannan aiki.

"Na atisaye ne," in ji Orval, yana magana da alƙali ba da ita ba. "Ba laifi ba ne mutum ya mallake shi. Ta buƙaci babur, na ba ta. Ba wanda ya tambaye ni abin da ke ciki."

"Na tambaye ka, Kawu," ta ce a hankali. "Ka ce sabo ne."

"To ai sabo ne."

Alƙali ya san abin da ya faru, kowa ya sani, amma doka mahayi ta sani ba mai babur ba. Aka soke nasararta. Aka miƙa wa Wade allo, ya karɓa kamar an ba shi garwashi. Bernice ta so ta yi kan Orval da kujera, mata uku suka riƙe ta. Labarin kuwa da ya fita garuruwan maƙwabta gajarce shi aka yi: yarinyar Norvik da aka kama da babban inji. Har yau a wasu zaurukan haka ake gane ta.

Wade ya yi hunturu ɗaya da lambar, ya jingine babur, ya koma birni sayar da inshora. Lorna ba ta daina ba. Ta koyi buɗe inji da kanta, da albashinta na farko a rumbu ta sayi babur na biyu. Shekara ashirin ke nan tana tsere, yanzu a ajin manya. Ta karya ƙashin wuya, ta ci kofuna ƙanana da yawa, allon lamba ɗaya dai bai taɓa zuwa hannunta ba. Duk wanda ya zo aro tana ba shi, amma sai ta fara faɗa masa abin da ke cikin injin dalla-dalla, ko yana sauri. Ita kuwa ba ta sake hawa na kowa ba.

Orval ya tsufa, da sanda yake tafiya. Bai taɓa cewa ta yi haƙuri ba, a ganinsa abin da kowane uba zai yi ya yi. Duk tseren farko na hunturu sai ya lallaɓo wurinta da kofi biyu a hannu ɗaya, suna tangaɗi.

"Yaya injin, yarinyata?"

"Lafiya lau, Mista Bjerke."

Kullum sai ya ɗan tsaya, kamar yana jiran ta gyara sunan. Ita kuwa ta karɓi kofin ta ajiye a ƙasa kusa da taya, ta ci gaba da ɗaure sarƙa.